Ciwon Marar da Ba a Sauraro Sai Haihuwa Ta Yi Jinkiri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata cuta da ke cin mata da yawa a cikin gidajenmu, wadda likitoci ke kira endometiriyosis. Ni malama ce a makarantar sakandaren 'yan mata, matar aure ce, kuma ina cikin waɗanda Allah Ya jarraba da wannan cuta, saboda haka abin da zan faɗa ya haɗa da abin da na ji a jikina, da bayanin da likitocin mata suka yi mini, da abin da nake gani a tsakanin ɗalibaina wata bayan wata. Abin da ya sa na rubuto shi ne na lura cewa a wurinmu ba a ɗaukar ciwon marar mace a bakin komai, duk tsananinsa, sai ranar da aka ga ta yi aure shekara ta zagayo ba ta yi ko ɓatan wata ba. A ranar ne kowa zai tashi tsaye, alhali kuwa cutar ta riga ta daɗe tana ɓarna a ciki.

A cikin mahaifar mace akwai wata shimfiɗa da ke yin kauri kowane wata domin tarbar ciki, idan cikin bai shiga ba sai ta zube, ita ce jinin al'ada. A jikin mai wannan cuta, wani nama mai kama da wannan shimfiɗa yana tsirowa a wajen mahaifa, wato a kan ma'ajiyar ƙwai, ko a bututun da ƙwai ke bi ya isa mahaifa, ko a bayan mahaifar, ko a jikin hanji da mafitsara. Akan same shi a cibiya da kuma tabon tiyatar haihuwa, har ma a kusa da huhu, ko da yake wannan ba kasafai ba. Duk inda naman nan yake, idan lokacin al'ada ya zo yana kumbura ya tsattsafar da jini, jinin kuwa ba shi da hanyar fita. Sai wurin ya yi ta raɗaɗi, ya yi tabo, tabon kuma ya manne kayan ciki da juna kamar an zuba musu danƙo. Idan a ma'ajiyar ƙwai ne, tsohon jinin yakan taru ya zama ƙullutu mai cike da baƙin jini mai kauri.

Tun a 1927 wani likita Ba'amurke mai suna John Sampson ya kawo bayanin cewa wani ɓangare na jinin al'ada yana komawa baya ta bututun ƙwai ya zuba a cikin ciki. Daga baya aka gano cewa wannan komawar tana faruwa ga mafi yawan mata ba tare da sun kamu ba, shi ya sa masana suka ƙara da batun gado da yanayin garkuwar jiki, domin macen da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ke da cutar ta fi kusa da samunta. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ba a ɗaukar wannan cuta a masai, ba a ɗaukarta ta hanyar saduwa, ƙazanta ba ta kawo ta, kuma babu wani laifi da mace ta aikata ta jawo wa kanta ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana damun kusan kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da ke shekarun haihuwa, wato kimanin mata miliyan 190. A bisa wannan lissafi, ajin da ke da 'yan mata 50 ba abin mamaki ba ne a samu biyar a cikinsu da ke ɗauke da ita ko za su ɗauka.

Ina ganin irin waɗannan yara a makaranta. Yarinya mai ƙoƙari, mai natsuwa, amma duk wata sai ta ɓace daga aji kwana biyu ko uku, a same ta a dunƙule a gado tana zufa tana amai, wata har ta suma. Idan abin ya faɗo a lokacin jarrabawar WAEC ko NECO, wahalar shekara shida na iya tashi a banza a safiya ɗaya. Abin da take ji daga manya kuwa ba ya wuce, "Ke dai kin cika raki," ko "Kowace mace da haka ta girma," ko kuma wanda ya fi kowanne yawa, "Da kin yi aure kin haihu shi ke nan." Ban ga laifin iyayenmu mata ba, domin su ma haka aka gaya musu, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tun da ciwon mara na yau da kullum yakan yi sauƙi idan mace ta ƙara shekaru ko ta haihu. Matsalar ita ce an haɗa ciwo biyu an yi musu hukunci ɗaya. Ciwon mara na yau da kullum yana zuwa tare da jini, ya yi kwana ɗaya ko biyu, ya ji magani, yarinya ta ci gaba da harkarta. Wanda nake magana a kai yakan fara tun kafin jini ya zo, ya zarce bayan ya ɗauke, ya sauka ƙugu da cinyoyi, ya sa yin bayan gida ko fitsari a kwanakin al'ada ya zama azaba, ya kumbura ciki, ya bar mace da gajiyar da barci ba ya kawar da ita, kuma sau da yawa yana ƙaruwa ne shekara bayan shekara. Duk ciwon da ya hana yarinya zuwa makaranta ko ya hana mace aikinta wata bayan wata ya wuce a ce masa al'ada ce kawai.

Da yake ba a kai su asibiti, sai su koma ga jiƙon kanwa da kemis. Na san 'yan matan da ke haɗiyar Feldene ko diclofenac biyu-biyu cikinsu babu abinci, abin da ke iya jawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda idan aka daɗe ana yi. Wasu kuma sun kai ga allurar pentazocine, wadda jiki ke sabawa da ita har mutum ya kasa rabuwa da ita. Idan aka ga mace a wannan hali sai a kira ta 'yar ƙwaya, ba wanda zai tambayi ciwon da ya kai ta can.

Wadda ta samu ta je asibiti ma ba lallai ne ta huta ba, domin kalmar da ke jiranta ita ce "sanyi". Ni kaina na sha maganin sanyi iri-iri, na asibiti da na gida, na ƙwaya da na allura da na matsi, ciwo kuwa yana nan inda yake. Ciwon sanyi gaskiya ne, yana da yawa, kuma yana iya toshe bututun ƙwai, don haka ba na cewa a daina nemansa. Amma idan an ba mace maganin kashe ƙwayoyin cuta sau ɗaya, sau biyu, ciwon kuma ya ci gaba da dawowa daidai da zagayowar wata, ya kamata ma'aikacin lafiya ya tsaya ya sake tunani. Ga kuma wata ɓarna da wannan kalma ke yi a ɓoye, domin tana shigar da zargi tsakanin miji da mata, ko tsakanin mace da abokiyar zamanta, kowa yana tunanin wani ne ya kwaso ya kawo gida.

Wannan kuskure yana da tarihi. An daɗe a littattafan likitanci ana ɗaukar endometiriyosis a matsayin cutar Turawa mata masu jinkirta aure da haihuwa, ana cewa da wuya a same ta a jikin baƙar fata, don haka idan 'yar Afirka ta zo da ciwon mara sai hankali ya tafi ga sanyi. Da aka fara dubawa da kyau sai maganar ta rushe. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, aka wallafa a 2015, ya duba mata 239 da aka leƙa cikinsu da kyamara saboda larurorin mata, aka sami cutar a jikin kusan kashi 48 cikin 100 nasu. Waɗannan mata ne da suka riga suka zo asibiti da matsala, ba a ce rabin matan Najeriya ke da ita ba, amma adadin ya isa ya nuna cewa cutar tana nan a cikinmu, rashin nemanta ne ya sa ba a ganinta. Wani binciken da aka yi a ƙasashe 10, har da Najeriya, aka wallafa a 2011, ya nuna cewa daga fara ciwo zuwa gano cutar mace kan yi kusan shekara 7. A Kenya, sananniyar mai gabatar da shirye-shiryen rediyo Njambi Koikai ta sha faɗa cewa sai da ta shekara 17 tana fama kafin a gano abin da ke damunta, lokacin cutar ta kai ga huhunta, kuma ta rasu a watan Yunin 2024 tana da shekara 38. Idan mai ilimi da murya a birnin Nairobi ta yi wannan jira, ina ga yarinyar ƙauye da kunya ba ta barinta ta ambaci al'ada a gaban mahaifinta?

Akwai wani ɓangare da ya fi kowanne nauyin faɗa, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mata da yawa masu wannan cuta suna jin zafi mai tsanani can ciki a lokacin kwanciyar aure, zafin da kan iya kwana ya wuni. Amarya ba ta san yadda za ta yi bayani ba, ango kuma yana ganin gudunsa ake yi, sai magana ta kai gaban iyaye a ce yarinya ba ta son mijinta ko ba ta da biyayya. Daga nan sai a ce namijin dare ne, ko an yi mata sammu, a shiga hayaƙi da rubutu da yawon gidajen masu magani. Ni Musulma ce, na yi imani da addu'a da ruƙiyya ta shari'a, kuma su ne suka riƙe zuciyata a lokutan da abin ya yi tsanani. Sai dai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar da maganinta, saboda haka malamin da mace ta zo masa da ciwon da ke bin kwanakin wata, babban taimakon da zai yi mata shi ne ya yi mata addu'a sannan ya ce wa mijinta ya kai ta wurin likitan mata. Ina kuma roƙon maza su sani cewa matar da ke janye jiki saboda wannan zafi tana bukatar a tambaye ta cikin taushi, domin aure da yawa ya mutu a kan abin da likita zai iya sauƙaƙawa.

Game da gano cutar, abu ɗaya ne ya fi yaudarar mutane, wato hoton ciki. Mace za ta yi sikanin a ce mata komai lafiya, ta koma gida kowa ya ƙara tabbatar da cewa raki ne. Hoton yana iya nuna ƙullutun da ke ma'ajiyar ƙwai, ƙwararre kuma yana iya ganin wanda ya nutsa cikin nama, musamman da hoton MRI, amma ƙananan ɗigon da ke warwatse a bangon ciki ba sa fitowa. Su sai an yi laparoskopi, wato a yi 'yan ƙananan huji a ciki a zura siririyar kyamara ta wajen cibiya a gani da ido. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin haihuwa ta Turai ta fitar a 2022 sun bayyana cewa hoton da bai nuna komai ba ba ya nufin babu cutar, kuma likita na iya fara magani bisa alamomi ba sai an jira tiyata ba. Wannan yana da amfani ƙwarai a wurinmu, inda kayan aikin laparoskopi da masu iya shi suka taru a manyan birane. Shawarata ga duk mai zargin tana da ita, ta samu ɗan littafi ta riƙa rubuta ranakun ciwo da ranakun jini da maganin da ta sha har tsawon wata uku, sannan ta nemi a tura ta sashen mata na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Sakkwato, ko na Maiduguri.

Har yau babu maganin da ke raba mace da wannan cuta gaba ɗaya, amma akwai masu sauƙaƙa ta sosai, kuma a nan ne mai ita ke shiga tsaka mai wuya. Bayan magungunan rage zafi, mafi yawan abin da ake bayarwa magunguna ne da ke kwantar da al'ada, domin idan al'ada ta kwanta naman ma yakan lafa. Cikinsu akwai ƙwayoyin tazarar haihuwa, da allurar wata uku, da 'yar robar Mirena da ake sawa a mahaifa, da ƙwayar dienogest. Akwai kuma allurar Zoladex da ake yi a ƙarƙashin fatar ciki, wadda ke sa jiki ya zama kamar na macen da ta daina al'ada, da jin zafi yana taso mata da zufar dare da bushewar gaba, kuma tana rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa yawanci ba a wuce wata 6 ana yinta sai an haɗa da wani magani mai kare ƙashin. Duk waɗannan, muddin mace tana kansu, ba ta neman ciki. Ka ga ke nan matar auren da dangin miji suka zuba wa ido dole ta zaɓa tsakanin sauƙin ciwo da neman haihuwa, ita kuwa budurwa idan aka ga ƙwayar tazarar haihuwa a jakarta, Allah kaɗai Ya san abin da za a ce a kanta. Ina kira ga iyaye su fahimci cewa likita ya rubuta ta ne a matsayin maganin ciwo, kuma ba ta kashe mahaifa. Idan aka daina sha haihuwa tana dawowa yadda take, sai dai allurar wata uku takan ɗauki wasu watanni kafin al'ada ta daidaita.

Tiyata tana taimakawa idan ƙwararre ya yi ta, a kankare naman, a raba abin da ya manne, amma cutar tana iya dawowa bayan shekaru. Cire mahaifa ma ba tabbacin warkewa ba ne idan an bar naman da ke wajenta. Shi kuwa ciki, wanda aka daɗe ana yi mana alƙawarin shi ne magani, yakan kwantar da ciwon ne a watannin goyon ciki da shayarwa saboda al'ada ta tsaya, daga baya ga mata da yawa ya dawo. Saboda haka aurar da yarinya da wuri don ciwon mararta ya warke zalunci ne da ake yi da kyakkyawar niyya.

A kan haihuwa, ina so in yi magana da 'yan'uwana mata kai tsaye, domin na san tsoron da ke shiga zuciya ranar da likita ya ambaci sunan cutar. Ƙiyasin da likitoci ke amfani da shi shi ne kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu ita suna samun wahalar ɗaukar ciki, wanda ke nufin rabi ko fiye suna haihuwa. Inda take hanawa, tana yi ne ta hanyar toshe bututu ko karkatar da shi, ko lalata wani sashe na ma'ajiyar ƙwai, ko kuma kumburin da ke cikin ciki ya dagula haɗuwar ƙwai da maniyyi. Likitoci sun kasa cutar mataki huɗu, amma girman mataki ba ya bin tsananin ciwo, har akwai wadda ba ta taɓa jin ciwo ba sai wajen binciken rashin haihuwa aka gano. Abin da ya fi komai tsada a nan shi ne lokaci, domin ƙwan mace yana raguwa da shekaru, raguwar kuma tana sauri bayan shekara 35. Wadda ta san tana da cutar kada ta zauna shekara biyar tana shan jiƙe-jiƙe, ta koma wurin likita da wuri. Magungunan kwantar da al'ada ba sa ƙara damar samun ciki, don haka mai neman haihuwa ta faɗa wa likita a fili tun ranar farko. Kafin a yi mata tiyata a ma'ajiyar ƙwai ta tambayi abin da hakan zai rage mata, domin kowace yanka a wurin tana tafiya da wani rabo na ƙwai, kuma akwai gwajin jini mai suna AMH da ke nuna kimanin abin da ya saura. Shi ma maigida ya yi gwajin maniyyi, gwaji ne mai sauƙi da araha, domin samun cuta a jikin mace bai wanke namiji ba.

Idan sauran hanyoyi suka ƙi, akwai dashen ƙwai da ake kira IVF, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki sannan a mayar cikin mahaifa, wanda aka daɗe ana yinsa a ƙasar nan, har akwai jaririyar da aka haifa ta wannan hanya a Abuja tun 1998 a hannun Dakta Ibrahim Wada. Ga masu shakkar hukuncinsa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta halatta shi idan akwai bukata, da sharaɗin ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta ne, kuma a mahaifarta za a mayar. Matsalar dashen ita ce kuɗi, domin gwaji ɗaya yana cin miliyoyin naira daga aljihun ma'aurata, kuma ba kowane gwaji ke kamawa ba. Da an gano cutar tun yarinya tana makaranta an riƙa lura da ita, da wasu ba su kai ga buƙatar wannan ba, wasu kuma da sun zo kansa da sauran ƙwai a jikinsu.

Macen da ke cikin wannan hali tana ɗauke da ciwo, tana ɗauke da kuɗin magani, sannan a ɗora mata gori. A kira ta juya, a yi mata habaici a gidan suna, uwar miji ta daina amsa gaisuwarta da sakin fuska. Ba ni da ja a kan mijin da ya ƙara aure, shari'a ta ba shi dama, amma ranar da amarya ta haihu bai kamata ta zama ranar da za a daina sayen maganin uwargida ba. Allah Ya faɗa a Suratush Shura cewa Shi ke ba wanda Ya so 'ya'ya mata, Ya ba wanda Ya so maza, Ya kuma bar wanda Ya so ba haihuwa, don haka mai gorin ya san da wa yake jayayya. Wannan nauyi yana jefa mata da yawa cikin ƙunci da ciwon damuwa, shi ma kuma yana buƙatar kulawar likita kamar ciwon marar.

Ostireliya ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da wannan cuta a 2018, Faransa ma ta sanar da nata a 2022. Mu a nan, tun da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ina roƙon hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, da hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohinmu su tabbatar da cewa laparoskopi da magungunan wannan cuta suna cikin abin da talaka zai samu da katinsa. Ina roƙon ma'aikatun lafiya su horar da nas-nas da ungozomomi da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa tambayar duk mai ciwon mara ko yana hana ta aiki, ko yana bin wata, ko tana jin zafi wajen bayan gida da saduwa. Ma'aikatun ilimi kuma su umarci makarantun 'yan mata su riƙa rubuta sunan duk ɗalibar da al'ada ke kwantarwa wata uku a jere, a kira iyayenta a ba su takardar zuwa asibiti.

Kai kuma, ya Edita, watan Maris ne aka keɓe a duniya domin wayar da kai a kan wannan cuta. Ina roƙon ka ware shafi guda a cikinsa, ka gayyato likitan mata ya amsa tambayoyi da Hausa, ka kuma ba mata damar aiko da tambayoyinsu ba tare da an buga sunayensu ba, domin da yawa daga cikinmu ba za su iya tambaya ta wata hanyar ba.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar makaranta, Zariya.